Taswirar da ta ce 1:500 alhali ƙarya take yi

Duk wanda ya taɓa neman a buga masa takarda a kewayen Ƙofar Nassarawa, inda masu zuwa Gidan Murtala da Sakatariyar Audu Baƙo ke cika shagunan kwamfuta tun da hantsi, ya san tambaya ɗaya tak ake yi idan takarda ta fito daga firinta: ta fito duka? Idan babu gefen da ya yanke, shi ke nan, a biya a tafi. Wannan tambayar gurguwa ce, kuma mu masu digiri ne muka gurgunta ta.

A ɗauki fili mai ƙafa 50 a 100, irin wanda ake cinikinsa kullum a unguwannin bayan gari. Tsawonsa mita 30.48. Idan safiyo ya zana shi a ma'aunin 1:500, tsawon zai ɗauki kusan milimita 61 a kan takarda. To a ce an buga taswirar, manhaja ta rage ta zuwa kashi 94 cikin ɗari domin ta shige shafi. Wanda ya ɗora rula zai sami milimita 57 da ɗoriya, ya lissafa, ya ga ƙafa 94. Ƙafa shida sun tafi, faɗin filin gaba ɗaya ya ragu da kusan kashi 12 cikin ɗari, amma rubutun "1:500" yana nan a ƙasan shafi bai motsa ba. Tauye mudu ne wanda babu mai niyyar yin sa, kuma shi ya sa ba a kama shi.

Kashi 94 ɗin ba daga sama na ɗauko shi ba. Takardar da muke saya a Najeriya A4 ce, milimita 210 a 297, tsarin da ya samo asali daga Jamus a 1922, aka mayar da shi na duniya a 1975. Amurka kuwa tana kan tata takardar mai inci 8.5 a 11, wato kusan milimita 216 a 279: ta fi tamu faɗi, ta gaza ta tsawo. Kwamfutocin da ke shagunanmu, yawancinsu na hannu ne, sukan zo da saitin Amurka, kuma ba kasafai ake canza shi ba. Shafin A4 da aka matse a tsawon 279 ya koma kashi 94 ke nan. Zanen A3 da aka matse a A4 ya koma kashi 71, faɗinsa ya zama rabi cif.

Matsar ba a wuri guda take faruwa ba. Idan ka saka hoto ko taswira a cikin Word kuma ta fi faɗin filin rubutu, Word zai rage ta da kansa ba tare da ya yi maka sallama ba. Idan girman shafin ya saɓa da takardar da ke cikin firinta, akwai saitin da zai sake daidaita shi. Idan an mayar da shi PDF aka buga da zaɓin "Fit" maimakon "Actual size", a sake rage wani abu. Ragi uku, kowanne a kan na baya. Sai kuma hannun mai takardar, wanda ya kama hoton ta gefe ya ja, maimakon ta kusurwa, har da'ira ta zama ƙwai, fuskar mai neman aiki ta baje kamar gurasa.

Jadawalin Excel da aka dasa a cikin Word ya fi ban tsoro. Idan ka ja shi daga waje, girmansa ne ke sauyawa. Idan ka danna sau biyu ka shiga cikinsa sannan ka ja iyakarsa, adadin layukan da ake gani ne ke sauyawa, don haka layin jimillar kuɗi yana iya ɓuya, takardar ta fito tsaf babu alamar wani abu ya ɓace. Ga wani ƙarin abin da ba a faɗa wa ma'aikata: jadawalin da aka dasa yakan tafi da fayil ɗin Excel ɗin dungurungum, har da shafukan da ba ka so wanda ka tura wa ya gani.

Za a ce ai lambobin da safiyo ya rubuta a jikin taswira da duwatsun kan iyaka su ne hujja, ba awon rula ba. Gaskiya ne, kuma a gaban ƙwararru hakan ake bi. Amma rigimar fili ba a gaban ƙwararru take farawa ba. Tana farawa ne a zauren mai unguwa, ko tsakanin magada, ko a hannun magini da aka miƙa wa kwafin kwafi wanda lambobinsa suka dushe. Kafin a kai ga safiyo an riga an zuba harsashin gini, an riga an daina gaisawa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake ɗora laifin a kan yaron shago. Shi an turo masa fayil ɗin Word ta WhatsApp, mutum goma na tsaye a kansa, wuta na iya ɗaukewa kowane lokaci. Bai san cewa zanen nan yana da ma'auni ba, domin lauya ko injiniyan da ya turo bai faɗa masa ba, wataƙila shi ma bai tuna ba. Mai takarda ne ya san abin da ke cikinta. Shi ya kamata ya saita shafinsa a A4 tun farko, ya duba cewa tsawo da faɗin abin da ya dasa suna kan kaso ɗaya, ya mayar da aikin PDF kafin ya fita daga ofis, ya ce a buga a kashi 100. Idan zanen A3 ne, ya biya kuɗin A3.

Su kuma safiyoyi da masu zanen gine-gine, kada su wadatu da rubuta 1:500. Su zana sandar awo a jikin kowace taswira, domin ita tana raguwa tare da zanen, ba ta iya yin ƙarya. A ma'aunin 1:500, sandar mita 50 santimita 10 ce daidai. Mai karɓar takarda ya ɗora rula a kanta tun yana cikin shagon. Idan ya ga tara da rabi, a sake bugawa.