Akun Nakshabi da jadawalin Propp

A shekarar 1928 Vladimir Propp ya tace tatsuniyoyin Rasha guda 100, ya fitar da ayyuka 31 waɗanda a cewarsa suke biyo juna bisa tsari ɗaya: jarumi ya bar gida, mugu ya yi ɓarna, a yi gumurzu, a ƙare da biki. Daga baya jadawalin ya zama sandar dogarawar ɗalibai, har ana iya cika kundi guda da jera lambobi, a ce an yi nazari.

Tatsuniyoyin baka na Farisa, masu ɗan sarki da dodo, sukan shiga wannan awo ba gardama. Matsalar tana bayyana ne a rubutaccen adabi, musamman Tutinama, wato Littafin Aku, wanda Ziya'uddin Nakshabi ya rubuta da Farisanci a ƙasar Indiya wajen 1330. Falke ya yi tafiya ya bar matarsa Kujasta, ita kuwa ta ƙudura zuwa wurin wani saurayi. Tsuntsuwar da ta fara yi mata nasiha kai tsaye, kashe ta ta yi. Aku ya ga abin da ya faru, sai ya sake dabara: kowane dare ya kawo labari, ya ja shi har gari ya waye, dare 52.

Wanda ya ɗauki labaran ɗaya bayan ɗaya ya ƙirga ayyukansu zai sami lissafi daidai, amma ya ɓatar da littafin. Babban aikin da ke cikinsa shi ne ba da labarin kansa, domin da shi aku ke tsare ransa da auren ubangidansa. Jadawalin Propp ba shi da gurbin mai magana, balle dalilinsa na magana. Gérard Genette, a 1972, ya fi kusa, tunda ya bambanta matakan labari, ya kuma tambayi wa ke magana. Shi ma dai ya fi kula da fasali fiye da wuyan tsuntsun da ke cikin haɗari.

Mai karatun Hausa bai rasa masaniya ba. Akun Magana Jari Ce, na Abubakar Imam, da labari yake riƙe ɗan sarki Musa a gida don kada ya bi ubansa yaƙi. Duk da haka a makarantu akan yanko labaran ɗai-ɗai a karanta, a bar akun a bangon littafi.