Tantance 'yan kwangila a Sakkwato: Ana duba takardu, amma wa ke duba mutum?

Ranar 31 ga Disamba ta kowace shekara, wa'adin da yawa daga cikin takardun da ɗan kwangila ke taƙama da su yake ƙarewa. Shi ya sa da zarar Janairu ya kama, masu ƙananan kamfanoni a Sakkwato ke shiga zirga-zirga tsakanin ofisoshi da shagunan intanet, kowa na neman sabunta nasa kafin a fara tallar ayyukan sabuwar shekara.

Abin da ake wa wannan gudu ba ƙarami ba ne. Birnin na ɗauke da manyan cibiyoyin gwamnatin tarayya da ke ba da aiki: Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin koyarwarta, Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, da hedikwatar Runduna ta 8 ta sojojin ƙasa. Ga kuma babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068 da aka ƙaddamar da aikinta a 2024, wadda ta faro daga Illela.

Sai dai a jihar da ke fama da 'yan bindiga, tambayar ta wuce ta wanda ya cika takardu. Wane ne ake buɗe wa ƙofar bariki ko ma'ajiyar gwamnati da sunan aiki?

Takardun da ake nema

Tushen tsarin shi ne Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan kwangilolin tarayya. Duk wanda ya saba karanta tallar kwangila a jarida ya san jerin: rajistar kamfani daga hukumar CAC, shaidar biyan haraji ta shekara uku, shaidar hukumar fansho ta PenCom, ta asusun horar da ma'aikata na ITF, ta asusun inshorar ma'aikata na NSITF, da shaidar shiga kundin 'yan kwangila na BPP.

Bayan waɗannan akwai rahoton kuɗin kamfani da akanta ya bincika, wasiƙar banki, da rantsuwar kotu kan ko wani jami'in ma'aikatar da ke ba da aikin yana da hannu a kamfanin. Dokar ta kuma hana kamfanin da aka taɓa samun wani daraktansa da laifin zamba shiga takara. Kamfanin da aka samu da maguɗi, hukuncinsa haramcin aƙalla shekara 5 ne da tarar kashi 25 cikin 100 na darajar kwangilar.

Idan aka lura, kusan duka waɗannan takardu tambaya ɗaya suke amsawa: shin kamfanin ya biya gwamnati haƙƙinta? Ba su faɗin ko su wa mai kamfanin ke hulɗa da su, ko wa zai ɗauka aiki, ko ina bayanan da ya gani a wurin aiki za su ƙare.

Inda jami'an tsaro ke shigowa

Akwai fannonin da binciken ya fi haka zurfi. Wanda zai shigo da motoci masu sulke, rigunan kariya daga harsashi, jirage marasa matuƙa ko abubuwan fashewa sai ya samu takarda daga Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, wadda ke nuna wanda zai yi amfani da kayan a ƙarshe. Kamfanonin masu gadi kuma suna ƙarƙashin hukumar Sibil Difens, kuma ana binciken daraktocinsu kafin a ba su lasisi. Dillalan motoci, masu otal da masu harkar filaye da gidaje su ma sai sun yi rajista da sashen SCUML na hukumar EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram.

Amma mafi yawan ayyukan yau da kullum ba su faɗa cikin wannan rukuni ba. Mai kawo shinkafa ko man dizal, mai gyaran wayar lantarki, mai kwashe shara, direban tifa, duk suna ganin hanyoyin shiga da fita, suna sanin lokacin da motoci ke tashi. Bincikensu ya dogara ne da tsaurin hukumar da ta ba da aikin.

A gabashin jihar, irin su Isa da Sabon Birni, an daɗe ana kokawa da masu kai wa 'yan bindiga rahoto. A 2021 sai da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda matsalar tsaro. A Tangaza da Gudu kuma ga Lakurawa, waɗanda rundunar soji ta sanar da ɓullarsu a Nuwamban 2024. A irin wannan yanayi, sanin ranar da za a kai albashin leburori wurin aikin hanya kaɗai ya isa ya jawo garkuwa da mutane.

Hayar kamfani

Babbar ɓarakar tana wurin da kowa ya sani a harkar. Saboda tsada da wahalar haɗa takardu kowace shekara, wanda ba shi da su kan ari kamfanin wani, ya biya shi wani kaso. Wani kuma ya samu aikin ta hanyar siyasa, ya sayar wa na biyu, na biyu ya miƙa wa na uku.

Sakamakon haka, sunan da ke cikin fayil daban, mutumin da ke wurin aiki daban. Duk tantancewar da aka yi ta ƙare a kan wanda ƙila bai taɓa taka wurin ba. Masu magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wanda ya fi cutuwa shi ne ƙwararren birkila ko mai walda na gaskiya da ke da ma'aikata kaɗan. Ya iya aikin, unguwa ta san shi, amma tulin takardu ya mayar da shi ɗan ƙwadagon mai takarda.

Darasin kuɗin makamai

A sama ma tsarin ya taɓa nuna rauninsa. Yadda aka zartar da dokar 2007 tun farko, ba ta shafi sayen kayan tsaron ƙasa ba sai da amincewar shugaban ƙasa. A 2015 gwamnatin Muhammadu Buhari ta kafa kwamitin binciken sayen makamai, abin da ya kai ga zargin karkatar da kimanin dala biliyan 2.1. An gurfanar da tsohon mai ba da shawara kan tsaro, Kanar Sambo Dasuki mai ritaya, wanda ya musanta zargin, kuma ya kasance a tsare daga Disamban 2015 zuwa Disamban 2019.

Daga baya Dokar Kuɗi ta 2020 ta faɗaɗa dokar sayen kaya har ta haɗa da hukumomin tsaro. Sabuwar dokar kamfanoni ta 2020 ita ma ta wajabta bayyana ainihin masu iko da kamfani, kuma a 2023 CAC ta buɗe kundinsu ga jama'a. Kundin na iya tona asirin mai ɓuya a bayan sunan wani, matuƙar jami'in da ke ba da aiki ya damu ya buɗe shi.

Yadda wasu ke yi

A Amurka mutum ake bincika, ba kamfani kaɗai ba. Izinin tsaro hawa uku ne, kuma mutum ba ya nema wa kansa, sai hukuma ko kamfanin da zai ɗauke shi ya gabatar da shi. Ana duba inda ya zauna, bashin da ke kansa da hulɗarsa da ƙasashen waje.

Duk da haka, Edward Snowden da ya fallasa bayanan sirri a 2013 ma'aikacin ɗan kwangila ne mai cikakken izini. Wato bincike na rana ɗaya bai wadatar ba, sai an ci gaba da bibiya.

Ina mafita?

Gyaran ba sai an ƙara wata takarda ba. Hukumomi na iya rarraba ayyuka gwargwadon haɗarinsu, ta yadda fentin aji ba zai buƙaci abin da aikin cikin bariki ke buƙata ba. A ayyuka masu haɗari, a nemi sunayen ma'aikata da lambobinsu na NIN, a kuma hana miƙa aiki ga wani ba tare da rubutaccen izini ba.

Ga ɗan kwangila kuwa, ya sani cewa duk abin da aka aikata da sunan kamfaninsa, shi hukuma za ta fara nema. Kason da ya karɓa na hayar takarda ba zai biya masa lauya ba, balle ya dawo masa da shekara 5 na haramci.