Baƙo Ba Ɗan Gasa Ba Ne

Jama'a, akwai al'adar da ta bazu a gidajen motsa jiki na rukuni, irin su CrossFit da Greg Glassman ya kafa a Kalifoniya ta Amurka a shekarar 2000. Matafiyi ya sauka a gari, ya biya kuɗin yini guda, ya shiga sahun 'yan gida. Wannan ba laifi ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne mai horarwa ya karɓi kuɗi, ya miƙa takardar ba-ruwanmu a sa hannu, bai tambayi baƙo ko yana da hawan jini ko tsohon ciwon baya ba, ya tura shi cikin waɗanda suka shekara suna ɗaga ƙarfe.

Shi kuwa baƙo ga gajiyar hanya, ga rashin barci, ga kunya. Ana rubuta sakamakon kowa a allo, ba ya son sunansa a ƙarshe, sai ya takura wa jikinsa. To, tsoka idan ta wahala fiye da kima takan farfashe, abin da ke cikinta ya bi jini ya illata ƙoda, fitsari ya koma kamar baƙin shayi. Wani har sai an yi masa wankin ƙoda.

Mai horarwa, baƙonka amana ne, tambaye shi kafin ya taɓa ƙarfe. Kai kuma malam, rage nauyin. Baƙo raɓa ne, kuma masu yi maka tafi yau ba za su yi jinyarka gobe ba.

Allah Ya kyauta.