Farashin Yuraniyom Ba a Hannunka Yake Ba

A ranar 31 ga Maris 2021 kamfanin COMINAK ya rufe ramin Akouta bayan fiye da shekara arba'in ana haƙar yuraniyom a cikinsa. Ɗaruruwan magidanta a Akokan, kusa da Arlit, suka wayi gari ba aiki, masu shago da masu gidajen haya suka ji a jikinsu. Arlit ta saba da irin wannan hukunci da ake yankewa daga nesa. Farashi ya karye a farkon shekarun 1980. Haɗarin Fukushima na ƙasar Japan a 2011 ya sake karya shi, har aka dakatar da aikin haƙar yuraniyom na Imouraren a 2014. A watan Yunin 2025 gwamnati ta mayar da kamfanin haƙar yuraniyom na SOMAÏR mallakar ƙasa. Duk cikin waɗannan babu wanda aka nemi shawarar direban babbar mota ko mai tuwon bakin tasha.

To yaya mutum zai yi zaman lafiya da ransa a garin da abincinsa yake hannun wasu?

Kusan shekara dubu biyu da suka wuce an yi wani malamin falsafa mai suna Efiktetus. Bawa ne a birnin Rum, da ya sami 'yanci ya koma koyarwa a Nikofolis ta ƙasar Girka. Ginshiƙin karatunsa shi ne mutum ya raba al'amuransa gida biyu: abin da yake hannunsa, kamar niyyarsa da aikinsa da yadda yake karɓar abin da ya same shi, da abin da ba ya hannunsa, kamar dukiya da muƙami da maganar mutane. A ganinsa, yawancin baƙin ciki daga rikita waɗannan biyun yake zuwa. Malamanmu ma sun daɗe suna karantar da haka a babin tawakkali, inda aka umurci mai raƙumi ya ɗaure abinsa tukuna sannan ya dogara ga Allah.

Mu kuwa sau da yawa a juye muke yi. A fada, kan shayi, sai a raba dare ana gardamar Faransa da Rasha da farashin kasuwar duniya, alhali albashin wata ya ƙare tun kafin goma ga wata. Kowane ramin ma'adini yana da ranar ƙarewa tun ranar da aka sa masa diga. Ma'aikaci ba zai iya ɗage wannan rana ba. Amma zai iya shiga adashe, ya koyi walda ko kanikanci tun yana da ƙarfi, ya mallaki fili a garinsu, ya tsaya kan karatun 'ya'yansa mata da maza. Wanda ya yi haka, ranar sallama za ta zo masa da zafi, amma ba za ta kwantar da shi ba.

Sai dai a nan nake rabuwa da Efiktetus. Rabonsa na gida biyu bai ishe mu ba, domin akwai kaso na uku: abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya amma bai fi ƙarfin jama'a ba. Ƙurar da iska take kwasowa daga tsibin dusar ma'adini tana cikin wannan kaso, haka ruwan sha, haka lalacewar hanyar Tawa zuwa Arlit. Wanda ya jefa su cikin ƙaddara ya ce haƙuri maganin zaman duniya, ya zalunci haƙuri.

Almustafa Alhasan, ma'aikacin ma'adini ne kamar kowa, shi da abokansa suka kafa ƙungiyar Aghirin'man. Su suka haɗa kai da masu binciken CRIIRAD na Faransa, waɗanda suka zo Arlit a 2003 suka gano gurɓatattun ƙarafa ana sayarwa a kasuwa. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna titunan Akokan ta tarar da gurɓata a wasu wurare, sai da aka zo aka kwashe. Da kowa ya ce wannan ba a hannunsa yake ba, da yara suna nan suna wasa a kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma wannan ba dalili ba ne na barin jinka a ƙasa.

Yanzu da SOMAÏR ta koma hannun ƙasa, wannan kaso na uku ya ƙara nauyi, tunda wanda za a tambaya yana Yamai, ba ƙetaren teku ba. Saboda haka duk damuwar da ta hana ka barci, ka tambayi kanka ta wane gida ce. In ta kasuwar duniya ce, bar wa Allah. In ta aljihunka da gidanka ce, tashi ka gyara. In ta unguwa ce, nemi maƙwabta ku je wurin hukumomin gari tare, ku kuma koma in ba a amsa ba.