Saƙo ya iso Tabla, amma a hannun wa?

A watan Afrilun da ya wuce na aika wa gwaggona allurar ciwon sukari daga Yamai zuwa wani ƙauye da ke bayan Tabla. Na naɗe ta cikin ƙanƙara da tsumma, na sa a kwali, na rubuta sunan ɗanta da lambar wayarsa da baƙin alƙalami, na biya direba jika ɗaya. Motar ta isa bayan azahar. Wayar yaron ba caji, direba ya kira sau biyu bai samu ba, sai karen mota ya sauke kwalin wurin wani mai facin taya a bakin hanya, motar ta yi gaba. Kwana biyu kwalin ya yi a kan benci, ƙarƙashin rumfar kwano, a lokacin da zafin rana ke haura digiri 40. Da aka kai maganin likita, ma'aikacin ya duba ya ce a zubar.

Mai facin bai ci amana ba, ko buɗe kwalin bai yi ba. Direban ma da na kira shi bai ɓoye komai ba, ya ce ai ya kai Tabla kamar yadda muka yi. Kuma gaskiyarsa ce, Tabla na ce masa.

Duk wanda ke da dangi a ƙasar Tagazar ko ta Kurfai ya san irin wannan labari. Buhun garin rogo da aka jingina da jarkokin mai sayar da esansi har ya ɗauki wari. Atamfar biki da aka bari a gindin bishiya ruwa ya sauko a kanta. Wayar salula da aka ba wa "wani yaro da ya ce ya san gidan". Takardun makaranta da suka kwana a teburin mai shayi, aka same su da tambarin gindin kofi. Yawanci kayan ba sa ɓacewa, suna isa garin da aka ce. Abin da ke lalata su shi ne inda ake ajiye su tsakanin saukarsu daga mota da isowar mai su, kuma wannan ɗan tsakanin ba shi da mai shi.

Don a gane dalili sai a duba yadda saƙo ke tafiya a wannan yanki. Hanyar ƙasa mai lamba 25 ta tashi daga Yamai ta ratsa Baleyara, kimanin kilomita 100, ta bi Dallol Boso ta Bonkuku zuwa Filinge, kimanin kilomita 180 daga babban birni. A kanta da rassanta rayuwar yankin ke gudana: 'yan cin rani da ke Yamai, Najeriya, Gana da Kodebuwa suna turo tufafi, magani da wayoyi, ƙauye kuma yana tura wake, kuka, kaji da man shanu. Gidan waya bai taɓa ɗaukar wannan nauyi ba. Tun zamanin PTT har zuwa Niger Poste ta yau, tsarin shi ne akwatin gidan waya, wato BP: wasiƙa tana jiran ka a ofis, ba ta zuwa ƙofar gidanka. Ƙauyukanmu kuma ba su da sunan titi balle lambar gida. Adireshin mutum shi ne sunansa, sunan ubansa, da "kusa da masallacin Juma'a".

Manyan kamfanonin bas irin su Rimbo da STM suna da tagar saƙo a tashoshinsu: a rubuta kaya, a ba ka rasit, mai karɓa ya zo da katin shaida. Wannan tsari yana aiki tsakanin tasha da tasha. Amma ƙauyen bakin hanya ba shi da taga, abin da yake da shi ƙananan motocin haya ne da manyan motocin kasuwa, musamman ranar Lahadi da kasuwar Baleyara ke ci. Direban irin wannan mota fasinja ya ɗauko, saƙo ƙari ne, kuɗin shayi ne nasa da na yaronsa. Yana da mutum goma sha tara a bayansa suna gumi suna ƙorafi. Ba zai kashe mota ya zauna jiran wanda ke tahowa a amalanke daga kilomita bakwai ba.

Rashin tsaro ya ƙara tsananta abin. Tun shekarar 2017 sassan jihar Tilaberi ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, kuma a farkon 2020 hukumomi suka hana hawa babur a yawancin jihar don toshe wa 'yan bindiga hanya. Ko me mutum zai ce game da amfanin matakin ta fuskar tsaro, babur shi ne ƙafar ƙarshe ta saƙo. Ɗan kabu-kabu ne ke karɓa daga hannun direba ya kai har ƙofar gida, kuma an san shi, an san gidan ubansa. Inda babur ya tsaya, saƙo ma ya tsaya a bakin kwalta. Direbobi kuma yanzu ba mai son magariba ta same shi a hanya, ga shingayen bincike da ke cin lokaci, don haka minti goman da a da ake iya bayarwa a jira mai kaya ya zama abin da ba a bayarwa. Damina ma tana da nata: a watan Agustan 2024 ruwa ya yanke hanyoyin fita daga Yamai, har da ta Filinge, kaya suka yi ta sauya hannu daga wannan mota zuwa waccan, ba wanda ya rubuta komai.

To idan kaya suka lalace, wa zai biya? Mutane da yawa suna ɗauka ba doka a kan wannan, sai dai a ce Allah ya mayar da alheri. Akwai doka. Nijar tana cikin ƙungiyar OHADA, wadda ta daidaita dokokin kasuwanci a ƙasashen Afirka 17, kuma a ranar 22 ga Maris 2003 ƙungiyar ta amince a Yawunde da dokar jigilar kaya ta hanyar mota, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2004. Dokar ta ɗora wa mai jigila alhakin kaya tun daga lokacin da ya karɓa har zuwa lokacin da ya miƙa su ga wanda aka aika wa. Sauke kwali a gaban mai faci ba miƙawa ba ne a idon wannan doka.

Sai dai wanda ya karanta ta har ƙarshe murnarsa za ta ragu. Diyya tana da iyaka: jika 5 na sefa a kan kowane kilo, sai fa in mai aikawa ya bayyana darajar kayan a rubuce tun farko, ko kuma an tabbatar mai jigila ya yi ganganci da gangan. Wayar da ka saya jika 80, da kwalinta ba ta wuce rabin kilo ba, diyyarta jika biyu da rabi ke nan. Maganin gwaggona, in an auna shi, ko kuɗin motar zuwa kotu ba zai biya ba. Dokar kuma tana son a rubuta ƙorafi da wuri: in lalacewar a fili take, zuwa ranar aiki ta farko bayan karɓa, in a ɓoye take, cikin kwana bakwai. An rubuta ta ne da tunanin tirela mai ɗauke da siminti da takardar jigila a aljihun direba, ba da tunanin kwalin da aka miƙa ta taga ana cewa "don Allah ka sauke mini a Tabla" ba. Rashin takarda bai soke yarjejeniya ba, amma ranar gardama da me za ka nuna abin da ke cikin kwalin? Ga kuma abin da dokar ba ta sani ba: direban ɗan garinku ne, ko surukin maƙwabcinka. Ba a kai irinsa jandarmeri a kan buhun gari.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mun riga mun warware wannan matsala a wani fanni. Shekarun baya kuɗi ma haka ake aika su, a cikin ambulan, a hannun direba, da addu'a. Yau wanda ke Abijan ko Yamai yana shiga Nita, Amana ko Al Izza, a ba shi lambar sirri, ya kira gida ya faɗa, mai karɓa ya je da katinsa. Ba wanda zai yarda a ce masa "an bar maka jika 50 ɗinka wurin mai shayi". Amma kayan jika 50 ana barin su can kullum, muna kuma cewa mun gode.

Turawa ma suna kuka da masu kai kaya, a ajiye musu kwali a bakin ƙofa cikin ruwan sama ko a bayan kwandon shara, a ɗauki hoto a ce an kai. Ɗaya daga cikin maganin da suka samo a Faransa shi ne shagon unguwa da ke karɓar saƙo a madadin mutane, irin na kamfanin Mondial Relay: mai shago yana rubuta shigowar kaya, ya adana su a ciki, ya duba shaidar mai karɓa, a biya shi ɗan kamasho a kan kowane kwali. In aka lura, mu ma muna da wannan mutum a kowane ƙauyen bakin hanya. Shi ne mai facin, mai shayin, mai cajin waya. Bambancin kawai shi ne namu ba a tambaye shi ba, ba a biyan shi, ba shi da littafi, ba shi da ɗakin ajiya, ba a kuma gaya masa abin da ke cikin kwalin. An ɗora masa amana yana tsakiyar cire taya.

Gyaran bai buƙatar aikin miliyoyi ko taron bita a otel. Sandikar direbobi da ma'aikatar magajin gari da mai gari suna iya zama su tsayar da mutum ɗaya ko biyu a kowane zango, mai shago mai rufi da ƙofa, a ce nan kaɗai ake sauke saƙo. A ba shi littafin makaranta na dala ashirin ko talatin: ranar zuwa, lambar mota, sunan mai kaya, sa hannu ko dangwale. Mai karɓa ya ba da dala goma ko ashirin ladan ajiya. Mai aikawa ya faɗa wa ɗan'uwansa wata kalma ko lamba da zai ambata kafin a ba shi. Na san za a ce an ƙara wa talaka kuɗi, kuma wasu direbobin za su ƙi, don littafi yana nuna wanda ya yi sakaci. Akwai ma wani dalili da ya sa hukuma ya kamata ta damu: a yankin da ke cikin dokar ta-ɓaci, kwalaye marasa rajista da ke kwana a bakin hanya, ba a san mai su ba, ba a san cikinsu ba, ba ƙaramin abu ba ne. Mai shayin da ya karɓi ajiyar da bai sani ba shi zai fara amsa tambaya in wani abu ya fito daga ciki.

Mu masu aikawa ma da namu laifin. Muna ɓoye abin da ke cikin kaya don kada direba ya ƙara kuɗi ko don tsoron ido, sannan mu yi fushi an bar magani a rana. Muna ba da lambar waya ɗaya tak a ƙauyen da caji sai an je kasuwa. Muna aikawa ba mu sanar ba sai mota ta tashi. Ni kaina ban rubuta "magani ne, kada ya sha rana" a kan kwalin ba, na ɗauka ƙanƙarar da ke ɗiga za ta yi bayani.

Da na sake sayen allurar, sai na jira ranar Asabar, na sami wata mata 'yar ƙauyen da ke komawa gida, na biya mata rabin kuɗin mota, ta riƙe kulan a cinyarta har ƙofar gwaggo. Ya ci mini ninki uku na abin da na ba direban farko, kuma wata mai zuwa sai na sake neman wata matar.