Ilimin Halayyar Ɗan Adam Bai Rabu da Falsafa Ba

A yawancin jami'o'in da ake koyar da ilimin halayyar ɗan Adam akwai ra'ayin da ya samu gindin zama, wai fannin ya zama kimiyya tsantsa tun ƙarni na 19, ya yi sallama da falsafa, saboda haka ɗalibi ba ya bukatar komai sai dabarun gwaji da ƙididdiga. Darasin tushen fannin, inda ma ake yin sa, kwas ɗaya ne da ake haddacewa don jarrabawa. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma ɓarnarsa ta fi faɗa wa ɗaliban da ke nesa da ƙasashen da aka rubuta littattafan.

Tarihin fannin kansa ya ƙaryata shi. Wilhelm Wundt, wanda ya buɗe ɗakin gwaje-gwajen fannin na farko a Leipzig ta Jamus a 1879, farfesan falsafa ne. A ganinsa gwaji yana iya auna gani da ji da saurin amsawa, amma harshe da addini da al'ada sai an bi su ta tarihin al'umma, kuma ya rubuta mujalladai 10 a kan haka tsakanin 1900 da 1920. Littattafan koyarwa sukan ambaci ɗakin gwajin, su yi shiru a kan mujalladan.

Mazhabobin da suka biyo baya kowace da amsarta game da ko mene ne mutum. A 1913 John Watson na Amurka ya ce a daina maganar zuci, a tsaya kan ɗabi'ar da ido ke gani. B. F. Skinner ya zarce, a 1971 ya kafa hujja cewa zaɓin da mutum ke jin yana da shi ruɗi ne, lada da horo ke sarrafa shi. Sigmund Freud ya ɗora komai a kan sha'awoyin da ke ɓoye a zuciya. Abraham Maslow da Carl Rogers suka ce mutum mai zaɓi ne da ke neman cikar kansa, daga baya wasu suka kwatanta tunani da aikin kwamfuta. Shin mutum yana da zaɓi? Shin hankali da ƙwaƙwalwa abu ɗaya ne? Awo shi kaɗai bai isa ya raba wannan gardama ba, domin amsar da mai bincike ya riga ya ɗauka ita ke zaɓar masa abin da zai auna. Malamin da ya jera waɗannan mazhabobi kamar babuka masu cika juna ya ɓoye wa ɗalibi cewa suna rushe juna.

Alƙaluman da ake tinƙaho da su ma suna da magana. A 2008 Jeffrey Arnett ya bincika manyan mujallun fannin, ya gano kashi 68 cikin 100 na mutanen da aka yi nazari a kansu Amurkawa ne, kashi 96 kuma daga ƙasashen Yamma masu masana'antu, waɗanda jama'arsu ba ta wuce kashi 12 na mutanen duniya ba. A 2015 wata tawagar masana ta sake gudanar da gwaje-gwaje 100 da aka riga aka wallafa, kashi 36 kacal suka sake ba da sakamakon da ya tabbata a ƙididdiga. Ruwa ba ya tsami banza. Fannin da ya daina tambayar me ake kira hujja, kuma wa ya isa ya wakilci ɗan Adam, dole ya yi irin wannan tuntuɓe.

A ƙasar Hausa matsalar a fili take. Uwar da ke kawaici a kan ɗan farinta, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna masa so a bainar jama'a, takardar tambayoyin da aka tsara a Amurka za ta iya lissafa ta cikin marasa shaƙuwa da 'ya'yansu. Jerin bukatun ɗan Adam da Maslow ya tsara a 1943 ya ɗora cikar kai a ƙololuwa, alhali mutumin kirki a wajen Bahaushe, kamar yadda Anthony Kirk-Greene ya bayyana a 1974, ana auna shi ne da gaskiya da amana da haƙuri da kunya, wato da zamansa da mutane. Malik Badri na Sudan ya yi gargaɗi a kan kwafar ra'ayoyin Yamma tun 1979. Shekaru fiye da dubu kafin shi Abu Zaid al-Balkhi ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, ya yi bayanin tsoro da fushi da baƙin ciki da waswasi. A 1954 kuma Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da masu taɓin hankali tare da danginsu a ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta, maimakon a kulle su a asibiti.

Masu riƙe da ra'ayin raba fannin da falsafa sukan ce buɗe wannan ƙofa zai shigo da camfi da wa'azi cikin aji. Tsoron yana da dalili, amma maganinsa ƙarin bincike ne. A ɗora Freud da al-Balkhi da Skinner da al-Ghazali a kan ma'auni ɗaya, a tambayi kowa hujjarsa, wanda ya gaza a ajiye shi ko daga ina ya fito. Gwaji da ƙididdiga suna nan daram a matsayinsu na kayan aiki.

Wajibi ne sassan wannan fanni da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa su mayar da falsafar hankali da falsafar kimiyya darussan tilas tun daga shekarar farko, su sa ayyukan masanan Afirka da na Musulunci cikin manhaja, su kuma hana amfani da duk ma'aunin waje da ba a gwada ingancinsa a kan jama'ar gida ba. Jami'ar da ta ƙi yin haka tana yaye masu haddar ra'ayin wasu ne, tana ba su shaidar kimiyya.