Gaya: arzikin aro ba ya rufe katara

Duk lokacin da aka tambayi manyanmu dalilin talaucin Nijar, amsa ɗaya ce: ba mu da teku, ƙasarmu hamada ce, Faransa ta tatse mu. Mun ji. To, mai wannan magana ya taho Gaya ya buɗe ido. Nan ne yankin da ya fi kowane samun ruwan sama a ƙasar, ga kogin Kwara, ga fadamun shinkafa da rake, ga Malanbil a ƙetaren gada, ga Kamba ta Nijeriya kusa. Me ya rage Allah bai ba mu ba?

Amma da me Gaya ta yi suna? Da mangazoji cike da atamfa da gwanjo da taba da shinkafar Asiya, waɗanda ake ɗaukowa daga tashar jiragen ruwan Kwatano, a biya duwan, a tsallaka da su Nijeriya, inda doka ta hana shigowarsu ko ta tsawwala musu haraji. Ko zare ɗaya ba namu ba ne. Ribarmu tana rataye ne a bakin alƙalamin wani.

Sau nawa aka nuna mana haka? Nijeriya ta rufe iyakarta daga 1984 zuwa 1986, ta sake daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. A Janairun 1994 aka kariya darajar sefa da rabi cikin dare ɗaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka datse gada, ɗaruruwan motocin kaya suka yi cirko-cirko, jama'a suka koma tsallaka kogi cikin kwale-kwale. Kowane karo, ɗan dako da mai tuwon tasha ne suka fara kwana da yunwa.

Ku dubi Botsuwana. Ita ma ba ta da teku, ita ma galibinta hamada ce, kuma a 1966, shekarar da ta samu ƴancin kai, tana cikin matalautan duniya. Da ta samu lu'ulu'u, kuɗin ya shiga baitulmali, ya fito ya zama makarantu da asibitoci da hanyoyi. Mu muna haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971. Ina namu ya shiga?

Laifin Faransa ba mai wankuwa ba ne: ta tsai da layin dogo a Faraku tun 1936. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muka yi bikin layin dogon Yamai zuwa Doso a 2016, wanda bai iso Gaya ba, bai kuma yi jigilar buhu ko ɗaya na ɗan kasuwa ba.

Alhazai, gidan bene na goma ba jari ba ne. Injin casar shinkafa ɗaya ya fi shi ciyar da magidanta. Ku kuma ma'aikata, duk dalar da aka karɓa a shinge babu rasit, allon wani yaro ne aka sayar. Ai ba banza ba mai kuɗi yake tsoron kafa masana'anta: ya san ranar da hayaƙi ya tashi, masu hula za su yi layi a ƙofarsa.

Ƙasa tana arziki ne idan mai noma da mai ƙira sun tabbata abin da suka samu nasu ne, doka kuma ba ta canza fuska gwargwadon aljihu. Wannan ba a Faris ake yanke shi ba. A ofishin duwan ne, da kotu, da akwatin zaɓe. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.